Kaka Nomau da Karensa Kwamanda

Ina tasha a Maraɗi da hantsi, ina tsokanar masu shayi, ƙanwar babana ta kira ni tana kuka: Kaka Nomau ya rasu a ɗakinsa na garka, wato lambunsa, a Jiratawa. Na yi salati. Sai ta ce akwai wata matsalar, Kwamanda ya kwanta a bakin ƙofa, ya hana a ɗauko gawa.

Kwamanda karen Kaka ne, irin da ake kira burbul. Wani direba ya kawo masa shi daga Jos yana ɗan kwikwiyo. Kaka ya ce asalinsu Afirka ta Kudu, manoman can suka raine su don tsaron gida da garke daga damisa da kura. Kansa kamar turmi, jikinsa ja, bakinsa baƙi. Ba ya yawan haushi, tsayuwa kawai yake yi ya dube ka. Kaka kan ce, "Ba mugu ba ne, mutanensa ya sani." Bai taɓa dukansa ba, kuma bai taɓa barin ya kusanci butarsa ba. In na ce wata rana kare zai cinye shi in gaje tsohuwar matarsa, sai ya ce, "Kai za ya fara ci, ka fi ni maiƙo."

Da na isa, na tarar da mutane cirko-cirko daga nesa. Likkafani a shirye, rana tana ɗagawa. Wani har ya kawo shawarar a kira jandarma su harbe shi. Kakata ta ce ba za a zubar da jini a ƙofar mijinta ba, sannan ta juyo gare ni.

"Kai mara kunya, ba kai ke kwaikwayon muryarshi kana firgita ni ba? Je ka yi."

Na zagaya ta bayan ɗakin. Na yi gyaran murya irin na Kaka, na ce, "Kwamanda, taho nan." Ya miƙe, ya zo, ya dube ni ya daɗe. Ya san ba Kaka ba ne. Amma ya bi ni har gindin mangwaro, na ɗaure shi. Aka yi wa Kaka wanka, aka kai shi kafin azahar, ba a taɓa kowa ba.

Allah mun gode da Ka ɗauke shi ba doguwar jinya. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka ba kakata haƙuri, Ka rufa mana asiri mu da ya bari. Amin.