Shafin da Malam Habu Ya Bar Mini

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba da hantsi ina zaure ina duba irin gero, sai Lawan, babban ɗan Malam Habu, ya shigo, ya durƙusa ya ce, "Baba, Malam ya cika." Malam Habu, tsohon malamin gona na ƙauyenmu a ƙasar Makoda, ya rasu a Ɗambatta bayan gajeriyar jinya. Tun muna samari muke tare, shi yana zagaya gonaki, ni ina koyarwa a firamare.

Jama'a sun san shi da ɗabi'a guda wadda ba kowa ta yi wa daɗi ba. Duk daminar da ruwa ya rushe ɗaki ko ya cinye gona, sai ka gan shi a kan kekensa da littafi a aljihu. Zai tambaya: wane bango ne ya fara faɗuwa? Ina indararon maƙwabci yake zubarwa? Ta wane lungu ruwan ya biyo? Matasan majalisa suka laƙaba masa Magatakardan Ambaliya. Wani dattijo ya taɓa ce masa, "Malam, ƙaddara kake son yi wa lissafi?" Ya amsa a natse, "Ƙaddara ta Allah ce, Alhaji. Amma kududdufin da aka cike, mu muka cike shi."

Abin da ya lura da shi ke nan. Ramukan da iyayenmu suka haƙa don ɗibar ƙasar gini, su ne ke shanye ruwan gari. Duk wanda aka cike aka yanka fuloti, gidajen da ke gangarensa ne ke kwanciya a damina mai zuwa.

Wajibi ne in faɗi laifina a nan. Shekarar da bangon gidana ya faɗa wa 'yata Binta ana ruwan la'asar, Malam Habu ne ya fara sa hannu a tonon ƙasa, har faratansa suka yi jini. Ranar addu'ar uku ta rasuwarta, bayan jama'a sun watse, ya fito da littafin nan. Na ce, "Habu, 'yata ce, ba gonar gwaji ba. Tashi ka ba ni wuri." Ya mayar da littafin aljihu, ya ce, "Allah Ya ba ka haƙuri, Malam. Zan jira." Bai sake tayar da maganar ba. Ya ci gaba da kawo mini irin wake duk shekara, ni kuwa na ci gaba da yin shiru.

Bayan addu'ar bakwai ta Malam Habu, Lawan ya kawo mini littattafansa a cikin buhu. Ya ce, "Baba, ya ce kai za a ba." Na buɗe, na tarar da shafi mai ɗauke da sunan gidana da sunan Binta, ƙasansu kuwa fari fat. Irin wannan shafi ba nawa kaɗai ba ne. Akwai na gidaje da dama da suka kore shi kamar yadda na yi, kuma mafi yawansu a gangaren kududdufin yamma suke, wanda aka cike rabinsa, ake kuma shirin cike sauran kafin ruwa ya sauka. Da waɗannan shafuka ya so ya je gaban mai gari, amma bai samu shaidarmu ba.

Jiya na cike nawa. Bangon yamma ne ya fara faɗuwa, ta lungun kududdufin ruwan ya biyo. Na san haka tun ranar, na riƙe.

Saboda haka ina roƙon duk magidancin da ya san ya taɓa mayar da Malam, ya daure ya zo zaurena bayan sallar Juma'a, mu rubuta abin da kowannenmu ya gani, sannan mu kai wa mai gari tare. Ina neman haɗin kan kowa, domin gajimare ya fara haɗuwa a gabas.

Allah Ya jiƙan Malam Habu, Ya haskaka kabarinsa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya ba matarsa Inna Hajara da 'ya'yansa juriyar wannan rashi. Ni kuma, Allah Ya yafe mini jiran da na sa shi. Amin.