Shekara Uku Ana Rufe Mini Kwano

Edita, sallama gare ka da masu bibiyar wannan shafi. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan kama sunan kowa ba. Waɗanda abin ya shafa, in sun karanta, za su gane kansu ba sai an nuna su da yatsa ba.

Lokacin da abin ya faru ina da shekara talatin da huɗu, ina sana'ar citta a Kafanchan, sana'ar da na gada wurin mahaifina. Mu Hausawa ne Musulmi, a garin aka haifi babana, a nan aka haife ni. Ina da mata da 'ya'ya biyu, ina da rumfa da sikeli, ba na rasa na cefane. Amma akwai ciwon da nake ɗauke da shi tun ina ƙarami, wato ban taɓa yarda na kai mutum ba sai wani ya ce na kai. In na ɗinka riga, ba ta yi kyau ba sai an yaba. In na yi magana a taro aka yi shiru, sai in yini ina juya ta a raina ina neman inda na kwafsa. Mai irin wannan hali kowa na iya juya shi, ni kuwa an juya ni.

Mahaifina yana da amini, wani manomi Kirista a wani ƙauye kusa da Nok. Baba muke ce masa, matarsa kuma Mama. Citta ce ta haɗa su tun suna samari, ɗaya na nomawa ɗaya na saye, har abin ya wuce ciniki ya zama zumunci. Duk jajiberin Kirsimeti, mahaifina zai hau babur da sassafe ya tafi ƙauyen ya yanka musu akuyar biki da bismillah, don duk Musulmin da ya shiga gidan ya ci ba sai ya yi tambaya ba. Akwai wuƙa guda da aka ware don wannan aiki. Mahaifina ne ya saye ta, amma a can take zama, naɗe cikin tsumma a saman rumbu, ba a taɓa ta sai wannan rana. In an gama fiɗa, Mama za ta soya hanta, ta zuba a kan shinkafa cikin wani kwano mai zanen fure, ta rufe ta ajiye masa shi kaɗai. Ya ci ya ƙoshi, ya dawo mana da nama da ƙullin acca na mahaifiyata, Inna. Da Babbar Sallah mu ma cinyar rago ta tafi can. Da mahaifina ya rasu, Baba ya zo ta'aziyya ya yi kwana uku a zaurenmu, kuma da zai tafi ya dafa kafaɗata ya ce wuƙa da kwano sun zama nawa. Na je shekara biyu a jere, na yanka, na ci hantata.

A shekara ta uku ne na samu shiga wata majalisa ta manyan 'yan kasuwa, irin waɗanda ke loda tirela. Mutanen da a da nake gaishe su su amsa da hanci, yanzu ga ni a kan bencinsu ana zuba mini shayi. Kaina ya kumbura, ba na ɓoyewa. A 'yan shekarun kuma an sha zaman ɗar-ɗar a yankinmu, kowa ya ja jikinsa, maganganu sun yi kaifi a bakin kowane ɓangare. Wata rana a watan Disamba na yi suɓul da baka na ce jibi ba za a gan ni ba, zan je ƙauye yanka. Sai wani daga cikinsu, mutum mai baki kamar reza, ya tambaye ni ko tun yaushe aka naɗa ni Sarkin Pawan coci ba a gayyace su walima ba. Majalisa ta kwashe da dariya, har da masu buga ƙafa. Sunan ya bi ni kwana biyu a kasuwa. Ina so a fahimce ni a nan: da malami na je na tambaya ya ba ni hujja na gamsu, da wata magana ce daban. Ban tambayi kowa ba. Ba tsoron Allah ne ya hana ni zuwa ba, tsoron dariya ne.

Ranar jajiberi na kashe wayata na yini a rumfa ina auna cittar da na riga na auna. Da Inna ta tambayi accarta, na ce mata ai Baba ya samu wani Bafulatani maƙwabcinsu da ke yi musu yankan, ya ce in huta. Ta dube ni ta ci gaba da aikinta. Bayan sati biyu Baba ya zo kasuwa da kansa, tsoho da sandarsa, daga Nok har Kafanchan a kan acaɓa. Na hango shi tun daga nesa, na faɗa bayan buhuna na tsuguna, na ce wa maƙwabcina ya ce na yi tafiya. Ina jin muryarsa yana tambaya ko lafiya nake, ko yara lafiya. Babur ɗina na jingine a gabansa, takalmana na bakin rumfa. Ya daɗe a tsaye, sannan ya ce a gaishe ni, a ce mini gida lafiya. Ƙato da ni, mai 'ya'ya biyu, na yi tsugune ƙaiƙayin citta na shiga mini hanci ina danne atishawa. A ranar na raina kaina, amma maimakon in gyara sai kunya ta ƙara ɗaure ni. Shekara ta zagayo ban je ba, wata ta sake zagayowa ban je ba. Cinyar Sallah ma na daina aikawa, don ban san da wane baki zan haɗa ta ba.

Asirina ya tonu ne a layin asibiti. Inna ta je awon hawan jini ta haɗu da Mama, ita ma ta zo da ciwon ƙafa. Da Inna ta dawo ba ta ko cire mayafi ba ta aika a kira ni. Ta ce Mama ta riƙe hannunta tana kuka, tana roƙon ta don Allah ta tambaye ni laifin da suka yi mini, in wani a gidansu ne ya faɗa mini baƙar magana su zo su ba ni haƙuri. Ban iya ƙara wata ƙaryar ba, na faɗa mata komai, har da sunan da aka laƙaba mini. Na zaci za ta yi faɗa, sai ta yi magana a hankali, wadda ta fi faɗan zafi. Ta ce shekarar da aka haife ni mahaifina ba shi da ko kaza, ruwa ya lalata masa kaya, har an fara shawarar a ɗaga yankan ragon suna. Ana gobe suna sai ga Baba da rago a bayan keke, ya turo shi tun daga ƙauye. Ta ce wannan sunan da nake ta kakkarewa kada ya zube a majalisa, da ragon mutumin nan aka raɗa shi. Sannan ta juya mini baya ta ce in tashi in ba ta wuri.

Jajiberin da ya biyo baya, kafin in tafi sai da na bi ta majalisa. Na tsaya a tsaye na ce musu Sarkin Pawa zai tafi aiki, mai saƙo ƙauye ya bayar. Aka yi 'yar dariya, wani ya ce in taho masa da acca, shi ke nan. Wallahi iyakarta ke nan. Abin da na ɓata shekara uku ina gudu bai kai tsawon shan kofin shayi ba. Na hau babur, inda hanya ta ƙare na gangara ta 'yar siririyar hanyar gona. Na samu Baba a gindin mangwaro, idonsa ya yi rauni ƙwarai, sai da na yi sallama ya gane ni. Na durƙusa na fara jero ban haƙurin da na haddace, ya katse ni da irin Hausarsu ya ce, "Yaron abokina, tashi. Wuƙan babanka yana nan, bai je ko'ina ba." Ya nuna mini wata tsohuwar akuya da 'ya'yanta da jikokinta, ya ce ita ce wadda na ƙi yankawa, duk gidan ita kaɗai ta ji daɗin fushina, in je ta yi mini godiya. Muka yi dariya, ni tawa da hawaye.

Bayan na yanka ɗaya daga cikin 'ya'yan akuyar, Mama ta kawo kwanon mai fure. A nan ta faɗa mini abin da har yau ban manta ba. Ta ce shekarar farko sun jira ni har rana ta take, babban ɗansu ya ɗauko wuƙa zai yanka, Baba ya hana. Ya tura shi Kafanchan ya sayo nama wurin mahauta Musulmi, wai kada in zo a makare in tarar da abin da ba zan iya ci ba. Haka suka yi shekara uku, ga akuya a ɗaure suna sayen nama. Kuma kowace shekara sai ta zuba nawa ta rufe, ba mai taɓawa sai rana ta faɗi an tabbatar ba zan zo ba.

Baba ya rasu da daminar da ta biyo baya. Kirsimeti ɗaya tak na samu na ƙara yi da shi. Yanzu babban ɗansa ne ke kira na, kuma ko bai kira ba ya san zai ji ƙarar babur ɗina. Majalisar ma ina zama in na ga dama, in ban ga dama ba in wuce, kuma ban ga abin da ya ragu a jikina ba. Na gane cewa ƙimata ba a bakin masu shayi take ba. Tun ban san kaina ba akwai waɗanda suka ɗauke ni mutum, ba su taɓa neman in burge su ba, kuma su ne na fara wulaƙantawa don na san ba za su yi mini dariya ba.

Don haka ina jan kunnen duk mai hali irin nawa na da. Kafin ka yanke wata alaƙa saboda abin da mutane za su ce, tsaya ka tambayi kanka su wane ne mutanen, kuma me suka taɓa ajiye maka. In akwai gidan da kake jin kunyar komawa, ka tafi wannan satin, kada ka jira kunyar ta ragu, don ba ta raguwa. Waɗanda suka yi mini dariya sun manta da zancen tun a makon. Ni kuwa duk shekara in na buɗe kwanon nan mai fure, sai na tuna guda ukun da suka huce suna jira na, alhali mai gidan yana raye.