Rigar Ulun Surukin Mai Wanki

Shekara talatin da ɗaya mai wanki ya yi a shagon nan na bakin kwana, tsakanin tela da mai faci. Baho uku gare shi, da igiya biyu, da dutsen guga mai nauyin tsiya. Maɓalli ɗaya bai taɓa ɓata a hannunsa ba, kuma Allah ya sani ba ya barin kowa ya manta da haka. Da sunan nan yake cin abinci, da shi yake taƙama.

Mijin 'yarsa ɗan tseren keke ne, irin masu fita ayari kowace Asabar. Ran nan ya kawo rigarsa ta hawa: ta ulu ce, shuɗiya, aljihu uku a baya, duk ta sha gumi.

"Baba, ita wannan ruwan sanyi take so. Ba a matse ta, a inuwa ake shimfi..."

"Kai, yaro! Ni za ka koya wa wanki?"

Surukin ya ajiye ta ya tafi.

Mai wanki ya shinshina rigar, ya yamutsa fuska. Ya tafasa ruwa ya jiƙa ta, ya cuɗa ta iya ƙarfinsa, ya murɗe ta tas, ya rataya a rana tsaka. Da la'asar ya sauke wata aba mai kauri kamar bargo, wadda ko ɗan shekara goma sai an yi dambe kafin ta shige shi. Ya sake jiƙa ta, ya sa wa bayan kujera ya ja, ya ja har ɗinki ya yi ƙara. Ko gezau. Haka ya naɗe ta a leda, ya miƙa wa mai ita yana kallon ƙasa.

Ranar Asabar ayarin ya tsaya wajen mai faci shan iska. Ga surukin nan a cikin rigar, cibiya a waje, hammata a ɗaure. Dariya ta ɓarke.

"Wa ya yi maka wannan ta'asa?" in ji tela.

"Ni na wanke da kaina," in ji surukin. "Ruwan zafi na sa."

"Amma ka cika sakarai! Ga gwani a gidanku, ka ƙi kawo masa?" Tela ya leƙo shagon. "Mai wanki, kana jin shirmen ɗanka?"

Yana ji mana. Kunya ta rufe shi har wuya. Da zagi surukin ya yi masa, da ya fi masa sauƙi. Kalma biyu ce kawai, ni ne, kuma ta zo har bakinsa. Sai ya dubi tarin kayan mutane a kan tebur, ya dubi tela da ba ya riƙe magana.

"Yaran yanzu ke nan," ya ce, ya ci gaba da guga.

Surukin ya ɗaga masa hannu da ladabi, ya hau kekensa.