Yatsun Da Suka Sauya Mini Zane

Jama'a, abin ga da ni ya faru, wallahi ba ji na yi ba. Shekarun baya, bayan ambaliya ta ci wani ƙauye kusa da Dandin Mahe, aka kira ni gyaran wani tsohon soro na ƙasa, ni da Mamman mutumin Dingyaɗi, abokin ginina tun muna samari.

Ruwa ya wanke zanen gaban soron tas, ga shi babu hoto, maigidan ya ce in dai yi mai kyau. Muka kwashe tsohuwar ƙasar da ta zube muka sake cuɗa ta, don ta fi sabuwa kama bango, na yaɓa, na fitar da zanena da yatsa, muka tafi Azahar.

Muna dawowa, kai! An shafe layukana, an ja wasu daban. Sai na tuna Mamman a makare ya shigo sahu.

"Mamman, kai ka taɓa min aiki?"

"Ni? Mi zan taɓa, Sarkin zuciya?"

Na gyara. Washegari aka sake, ni kuwa dama ba ni da haƙuri, a gaban mutane na ce hassada ke cinsa. Ya rantse, ban saurara ba. Ya kwashi kayansa ya tafi.

Rana ta uku ni kaɗai ne. Na maido zanena, na ƙi zuwa masallaci, nan gindin bangon na yi sallata, bangon yana bayana, ko akuya ba ta gitta ba. Ina sallamewa na waiga. Innalillahi! An sake shi, ƙasar ɗanya sharaf, ga sawun yatsu sirara dogaye, ba nawa ba, ba na Mamman ba.

Ina tsaye goggon maigidan ta fito, tsohuwa tukuf, ta daɗe tana duban bangon, ta ce, "Sannu magini. Hakanga yake tun ina yarinya. Wa ya gwada maka?"

Daga nan ban sake taɓa zanen ba.

Na bi Mamman har gida ina roƙo. Ya ce, "Na yafe, amma aikinmu tare ya ƙare." Har yau bai sake miƙo mini tubali ba, kuma abin yana cina.

Don Allah, in kuna gyaran ginin mutanen da, kuka ga abin da ba ku gane ba, ku kama bakinku kafin ku tuhumi mai rai.