Shuɗin Inna Kulu

A wani ƙauye da ke gabas da Minjibir, inda gonakin gero suke zuwa har bakin danga, da wuya ka sami gidan da bai taɓa kai wa Inna Kulu abin rini ba. A wajen kakarta ta koya, tun ana dafa kaba da karan dafi don a sami ja, a sa gangamau a sami rawaya. Da garin kala na kanti ya shigo, sai ta ƙara da rina zaren hula da farin yadi. Abu ɗaya ne ba ta yarda da shi ba, wato wani ya zaɓo mata kala. Da kanta take shiga motar Kano, ta tsuguna gaban mai kaya, ta lakato garin, ta ɗiga masa ruwa a tafin hannu, ta ɗaga shi a rana.

Ta haura sittin lokacin da ta fara gani dishi-dishi. Ba ta faɗa wa kowa ba. Tana ganin ai hannunta ya san aikin.

Ana nan sai Malama Maimunat ta makarantar Islamiyya ta kawo yadi mai yawa. Ɗalibanta mata za su yi saukar Alƙur'ani, tana so a rina musu na hijabi, shuɗi mai haske. Washegari Kulu ta tafi wajen Yahya, wanda ta daɗe tana sayen kala a hannunsa. Ta lakata, ta duba, ta ce a auna mata.

Yahya ya ce, "Inna, shuɗi kika ce. Wannan ai kore ne mai duhu."

Ta ce, "Yahya, tun kana goye nake rini."

Ya ƙulle mata a leda, ya haɗa da sodar rini.

Ta rina, ta shanya a igiya. Zakiyya, matar ɗanta, ta fito ta tsaya tana kallon shanyar, kamar za ta yi magana, sai ta koma ɗakin girki. Da Malama Maimunat ta zo karɓa, ta jima tana juya yadin a hannu kafin ta ce, "Sannu da aiki, Inna. Allah Ya saka da alheri."

Ranar walima Kulu ta ci ado ta zauna a tabarmar manya. Yara na cikin karatu ta ji wata baƙuwa a bayanta tana cewa, "Wai wa ya rina musu wannan? Kamar ruwan kududdufi, ga shi dabbare-dabbare."

Wata ta ce a hankali, "Yi shiru, ga ta nan a gabanki. Ba ta gani sosai yanzu, duk garin an sani."

Kulu ta miƙe. Ta laluba takalmanta ta fita, ko abincin ba ta jira ba. A hanya mutane suna gaishe ta, tana amsawa kanta a ƙasa.

Da ta isa gida ta kira Zakiyya. "Faɗa min gaskiya. Tun yaushe?"

Zakiyya ta durƙusa. "Inna, an daɗe. In kin fita barka ko gaisuwa, nakan sake tsoma kabar da zaren kafin masu su su zo. Wannan yadin ne ya fi ƙarfina."

"Kuma matan nan sun sani, suna ta kawowa?"

"Sun sani, Inna."

Kulu ta rufe fuska da gefen mayafinta. Ba ɓacin yadin ne ya fi ƙona mata rai ba, sai tuna yadda take zama tsakiyar mata tana kushe rinin wasu, su kuwa suna cewa haka ne, Inna.

Bayan kaka ɗanta ya kai ta asibitin ido a birni, aka cire mata yana. Da ta warke, ran nan da la'asar tana ƙofar gida, sai ga 'yan matan Islamiyya sun jero cikin hijaban nan. A ranar ta fara ganin rinin nata da kyau. Ta aika wa Malama Maimunat cewa a tattaro su ta sake rinawa. Malama ta aiko da godiya, ta ce a bar su, yaran sun saba da kayansu.

Kulu ta koma sana'arta, yanzu ita da Zakiyya suke zuwa sayen kala. Amma har yau in la'asar ta yi, ta ji hayaniyar 'yan makaranta daga nesa, sai ta ɗauki kujerarta ta shige ciki.