Bakaniken da Ke Cire Takalmi

A ƙauyukan duwatsun Rodopi duk direba ya san bakaniken nan da ake kira Bai Manol ba ya duba mota sai ya cire takalminsa na dama. Shekara talatin da biyar ya yi a mahaƙar dalma yana gyaran manyan motocin kwasar dutse, har ƙarar injuna ta cinye masa kunne. Da ya bar aiki sai ya kafa rumfa a bayan gidansa, tsakanin tarin itacen hunturu da kejin zomaye. Kunne dai ya tafi, amma abin da tsohon nan yake ji da tafin ƙafa, sai wanda ya gani da idonsa.

Radka ta gani. Ita ke kai burodi ƙauyuka uku na can ƙololuwa, a tsohuwar motar da mijinta Iliya ya rasu ya bar mata. Tun bazara motar ta tsiro da wani hali: da ta taka birki a gangara sai sitiyari ya kama kakkarwa kamar mai masassara. Sau biyu garejin birni yana sa mata sababbin faya-fayan birki, sau biyu abin yana dawowa kafin wata ya cika. Ɗanta Kostadin ya bugo waya ya yanke hukunci: in dusar ƙanƙara ta sauka motar ba ta gyaru ba, zai sayar da ita ya ɗauke uwarsa zuwa birni, bene hawa na bakwai. Radka ta gwammace a cire mata haƙora duka da wannan.

"Bai Manol, ka cece ni!" ta faɗa da iyakar muryarta.

"Ke 'yar nan, ihun na mene ne? An ce miki kurma ne ni?" Ya miƙa mata takalminsa. "Riƙe min."

Ya ja motar zuwa gangaren bayan coci, ya ɗora ƙafa a kan birki a hankali, ya saki, ya sake ɗorawa. Ya ce rawar ba ta zuwa ta kujera, ta hannu da ƙafa take zuwa, saboda haka ciwon a gaba yake. Suka dawo rumfa ya ɗaga motar, ya cire tayoyin gaba, ya kara alli a jikin faifan dama ya juya shi. Allin ya taɓa nan ya tsallake can. Ya yi wa na hagu haka, sannan ya daɗe yana shafa ƙarfen da babban yatsa.

"Yaran birni ba su cuce ki ba," ya ce. "Ƙarfen mai kyau ne. Ke kike karkatar da shi."

"Ni? Bai Manol, ka tsufa da sharri."

"In kin gangaro, ƙarfen nan ya ɗau zafi har zai soya ƙwai, sai ki tsaya a wurin da ruwa yake ta hannun dama. Ki cika bokiti ki sheƙa wa tayar dama. Ɗan abin da ya rage ki zagaya ki ba ta hagu, shi ya sa ita ba ta kai wannan lalacewa ba. Kullum kike yi, ba fashi."

Radka ta zauna a kan kututturen faskare ba ta san ta zauna ba. Babu mahalukin da ya taɓa ganinta a wurin nan, ga shi tsoho ya karanta mata sirrinta a jikin ƙarfe da guntun alli.

A nan in mutum ya rasu, nasa sukan gina masa famfon dutse a bakin hanya, matafiya su sha ladan ya kai masa. Na Iliya yana lanƙwasar hanya ta tara in kana gangarowa, da sunansa a jiki, kuma a wannan bazarar aka gama shi. Kowace rana Radka takan tsaya ta sha, ta ba shi labarin ƙauye, sannan ta shayar da motarsa. Tururin da ke tashi daga tayoyin ma daɗi yake mata, gani take motar godiya take yi.

"Ke nan in daina zuwa wurinsa?" ta tambaya, muryarta ta yi ƙasa sosai. Yadda aka yi kurman ya ji, Allah kaɗai ya sani.

"Wa ya ce? Ki tsaya da safe in za ki hau, ƙarfe na da sanyi, ki yi mata wanka ma in kin so. Iliya ɗan sammako ne, ni na san shi kafin ki san shi. In za ki sauko kuwa, ki sa ƙaramar giya ki wuce."

Ya kwance faya-fayan ya ɗora a injin gogar ƙarfe, ya daidaita fuskarsu, ya kankare tsatsar mazauninsu, ya ɗaure kusoshin taya a gicciye, kowanne da ƙarfi ɗaya.

Dusar farko ta riske ta a hanya, mako biyar bayan haka. Ta gangaro lanƙwasa takwas lafiya lau, abin da za ta gaya wa Kostadin ke nan ya sakar mata mota. A ta tara ta taka birki a hankali, sitiyari ko motsi bai yi ba. Ta wuce Iliya ba ta tsaya ba, tana ce masa sai da safe.