Ranar da aka share dawar kawuna daga sashen cututtukan tsirrai

Na shiga ma'amal, ɗakin gwaje-gwajen sashenmu a jami'a, jiya da safe, na tarar babu kawunan dawar da na ajiye a kan tebur. Daga gonar kawuna ta wajen Mafaza na ɗauko su, burtuntuna ta baƙanta su, shi kuma yana can yana jiran a gaya masa abin da zai wanke iri da shi kafin shuka.

Ashe jiya lajna, wato kwamitin masu sa ido, za ta zo duba karatu da binciken sashenmu. An yi fenti, an jera furanni, har da sabuwar na'urar ganin ƙwayoyin cuta da aka aro daga wani asibiti. Shekarata ta huɗu ke nan, a allo kawai ake zana mana ita.

Na tambayi shugaban sashe, "Duktur, ina dawar nan?"

Ya ce, "Na sa an zubar. Baƙi za su shigo, ka bar mana ƙazanta a tebur?"

Na ce, "Duktur, ai ita ce karatunmu."

Ya ce, "Ba yau ba, ɗana."

Lajna ta zagaya, ta sha shayi, ta yaba. Kafin la'asar an mayar da na'ura gidanta.

Yanzu kawu ya kira, na kasa ɗauka. Ku da kuka yi karatu a Gadarif, ku gaya mini: sashen da ke ƙyamar cutar dawa, me zai koya wa ɗan manomi?